Kifi Tara da Ɗana Ya Aiko

Tun ranar da na dawo daga Kwatano ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta shigo aron rariya sai ta tambaye ni teku, wadda ta zo ɗibar wuta sai ta tambaye ni jirgin ƙasa, kowa ta gutsuri nata ta tafi, har na fara jin labarina a bakin rijiya da abubuwan da ni kaina ban gani ba. Tunda yau kun taru, ku gyara zama in ɗauko muku shi daga tushe.

Kun san shekara bakwai ke nan da ɗana na fari ya bar Gaya. Wasiƙarsa ta ƙarshe, wadda malamin lekwal, wato makarantar boko, ya karanta mana, ta ce aikin biro, wato ofis, yake yi wurin annasara. Da mahaifinsa ya rasu muka aika, bai zo ba, bai kuma aiko ba. Na gama takaba, gidan ya zama daga ni sai kaji. Ana nan sai Sanda direba ya shigo gaishe ni, ya ce ya ga yaron da idonsa a Kwatano, ya yi aure, har an haifa masa ɗa namiji. Ya ce in na isa in nemi wata Kande mai fura a zango, ita ta san gidan. Ban shawarci kowa ba. Na ɗaura kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, ƙuli-ƙuli, da kantu biyu na gishirin Foga da ƙanwata ta aiko mini daga Bengu, na bar wa maƙwabta kajin.

Ƙetare kogi ba baƙon abu ba ne, duk muna cin kasuwar Malanbil. Amma ranar, da bak, jirgin fiton nan, ya kai tsakiyar ruwa, na juya na ga Gaya tana ƙanƙancewa, sai na tuna ban taɓa wuce kasuwar can ko da taki ɗaya ba. A bakin tashar motoci wani gardi mai kakin hukuma ya tare mu yana duba takardun lanho, wato haraji. Na miƙa tawa. Ya karanta sunan da ke jiki, ya ɗago ya tambaye ni ina mai wannan suna, don ba ya barin mace ta wuce da takardar wani. Na ce masa mijina ne, yana kwance a maƙabartar Gaya. Ya naɗe takardar yadda take, ya miƙo mini da hannu biyu. Ko ƙunshina bai kwance ba.

Kamiyon gyaɗa na hau, babbar motar kaya, can saman buhuna, mu goma sha wani abu. Kafin Kandi taya ta fashe, muka yini gindin wata ƙirya. Sauran fasinja duk biyu-biyu suke, miji da mata, wa da ƙane, kowa ya buɗe guzurinsa da abokin cinsa. Ni na juya baya na jiƙa ƙulina. Wata Bafulatana ta fito daga daji da ƙwaryar cuku irin nasu mai jan baya, wanda suke kira wagashi, ta zauna kusa da ni ba don komai ba sai don inuwar ta fi kauri a wurin. Da ita na yi hirar yinin, da guntun Fulatancin da na tsinta a kasuwa.

A Kandi muka kwana gidan maigidan direban. Matan gidan Dendanci suke yi, amma a karkace, suna dariyar nawa ina dariyar nasu. A nan aka fara ba ni sakwara. Na kai hannu zan yanka kamar tuwo, abu ya biyo ni yana miƙewa, na ja ya ja, har wata tsohuwa ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake murɗe shi da yatsu. Na ci, amma cikina bai yarda an yi abinci ba.

A Faraku na ga jirgin ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, da ya yi kuka na saki ƙunshina na yi baya, ƙullin kuka ya fashe, rabinsa ya bi iska, wani mutum mai farin wando ya koma kore har gwiwa. Ya yi ta faɗa da wani yare, ni kuwa ina ba shi haƙuri da Hausa. Daga Faraku zuwa kudu harshena ya mutu a bakina. Dendanci ya ƙare, Hausa ta ƙare. Yini guda ina zaune tsakanin kwandunan doya da wata akuya, mutane suna hira suna dariya ta kaina. Da azahar na tambayi gabas da hannu, wani ya nuna mini, na ta da salla, kafin in kai raka'a ta biyu jirgin ya yi kwana, rana ta koma ɗaya gefen. Na ƙarasa a haka, na ce Allah ya san inda na nufa.

Kande mai fura ba ta yi wuyar samu ba. 'Yar Junju ce, ta fi shekara talatin a zangon Kwatano, haƙoranta sun yi ja da goro. Da na ji Hausa daga bakinta sai da idona ya kawo ruwa. Ta ba ni fura, ta tambaye ni mutanen da suka mutu tun kafin in yi aure, amma duk lokacin da na kawo zancen yaron sai ta ɗauko wani. Sai da muka kama hanyar gidan ta ce mini, tana kallon gabanta, babu wani biro. A jirgin kamun kifi na wani annasara yake aiki, suna shiga teku su yi makonni. Yanzu ma ba ya nan. Matarsa kuma ba 'yar zango ba ce, 'yar mutanen bakin teku ce, sunanta Afiwa.

Gidan yana unguwar masunta, ɗaki biyu na kara da kwano, yashi har cikin tsakar gida, aladun maƙwabta suna yawo a waje. Afiwa doguwa ce, kanta ba ɗankwali, da ƙaramin gicciye a wuyanta, jariri a bayanta. Da Kande ta gaya mata ko ni wace ce, ta durƙusa, ta ɗebo ruwa a kofi, ta kurɓa, sannan ta miƙo mini. Na ce a raina, tun daga ƙofa an fara ba ni saura. Kande ta ga fuskata, ta ce haka al'adarsu take, mai gida ya fara sha don baƙo ya san ba a sa masa komai ba. Na sha. Kande ta koma kan furarta, ta bar ni da matar da ba ta jin ko sannu.

Kwana goma muka yi a haka. Ina da ɗaki, tana da ɗaki. Na ware tukunyata, ina dafa tuwon masara da 'yar kukar da ta rage, don zuciyata ba ta kwanta da tukwanen unguwar ba. Ta gane, sai ta daina ajiye mini kwano. Jaririn kuwa ba ta sauke shi daga bayanta in ina kusa. Daga baya na ji an gaya mata mutanen arewa in suka zo ɗaukar jika suke zuwa yi. Ni da nake da niyyar in ce masa ga mijina, in tsokane shi kan kuɗin cefane, sai dai in hango ƙeyarsa. Da hantsi nakan fita in zauna kan wani karyayyen kwalekwale in kalli tekun da kuke tambaya. Ruwa ne da ba shi da ɗaya gaɓar, kuma ba ya yin shiru. Kogin nan namu in ka zauna bakinsa ka san wani yana can ƙetare yana wanki. Can babu kowa.

Ranar sha ɗaya da safe wasu ƙarti biyu suka turo amalanke har ƙofar gida, an rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Suka yi magana da Afiwa, suka yaye buhunan. Kifi tara. Ni da na tashi cikin banda, na san giwan ruwa, na san ragon ruwa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Kowanne ya kai tsawon yaro ɗan shekara shida, jikinsa sumul kamar an shafa mai, baya baƙi, ciki fari, ga guntayen ƙanƙara a tsakaninsu. Na ɗauki guntun ƙanƙara ɗaya ya ƙone mini hannu da sanyi. Afiwa ta aika a kira Kande, ita ta fassara: jirgin ya tsaya ɗibar ruwa, wannan rabon yaron ne, ya ji uwarsa ta zo ya ce a kawo gida duka, kada a sayar. Shi kuwa aiki ya riƙe shi a jirgi. Annasara suna ce wa kifin ton.

Na tsaya ina kallonsu. Na zo ganin ɗa, an aiko mini da kifi. Amma rana ta fara ɗagawa, ƙanƙara tana narkewa cikin yashi, ƙudaje sun fara sallama, kuma duk macen da ta taɓa banda ta san kifi ba ya jiran mai baƙin ciki. Na ɗaura zanena na ɗauki wuƙa.

Da na tsaga na farko sai jini ya biyo wuƙar, tsokar ja wur kamar ta sa. Na ja da baya, na tambayi Kande ko wannan kifi ne kuwa, ko wata dabba ce da ke buƙatar yanka. Ta yi dariya har da tari, ta ce limamin zango da kansa yana aika a sayo masa. Afiwa ta karɓi wuƙar ta nuna mini: a cire kai, a bi ƙashin baya, a fitar da tsoka huɗu dogaye kamar gungume, sannan a yanke wata baƙar tsoka da ke kwance tsakiya. Ta lakata mini a harshe, ɗaci da ƙarni. Ta nuna ƙasa, wato wannan ba na mutane ba ne. Kafin azahar mun buɗe duka tara, ita tana tsagawa ina yankawa, ƙarar wuƙaƙe kawai ke tashi.

Kuskurena na farko a tukunya ne. Na zuba manyan yanka a miya na bar su suna tafasa kamar yadda muke yi wa busasshiyar tarwaɗa. Da na sauke, abu ya zama kamar ɓawon itace, ana taunawa yana komawa gari a baki. Afiwa ta ɗanɗana, ta rufe bakinta da hannu, kafaɗunta suna rawa. Wannan ne karo na farko da na ga haƙoranta. Ta hura gawayi, ta yanko tsokar ciki mai kitse, ta matse lemun tsami, ta barbaɗa gishiri, ta aza. Kafin in gama wanke hannu ta juya, kafin in share ta sauke, tsakiyar da sauran ja-ja. Ta miƙo mini da jajjagen barkono da albasa da ƙunshin akasa, wani farin tuwon kamu da suke naɗewa a ganye. Na duba kwanon, na duba ta, na yi bisimilla. Kifin ya narke a bakina kamar ɓargo. Daga wannan kwano ban sake ware tukunya ba.

Kawunan da ƙasusuwan muka zuba a babbar tukunyar aro, da citta da barkono da daddawata, muka yi farfesu. Na sa aka rarraba wa maƙwabta kamar yadda muke yi a nan. Wasu suka fito suna tambayar ko biki ake yi, wata tsohuwa ta biyo kwanon da kanta don ta ga matar da ke rabon kifi kyauta, ta zauna, ta kama yi mana yankan albasa.

Sauran aikin na ajiya ne. Afiwa tana da murhun banda na laka, zagayayye, ana hura shi da itace da ɓawon kwakwa. Ita wuta take sakar masa, waje ya ƙone ciki da ɗanye, don su a kwana biyu suke cinyewa. Na zare itace biyu, na yayyafa ruwa, na rufe da tsohuwar tabarma, na nuna mata rana na zagaya da hannu sau biyu, wato kwana biyu zai yi a hayaƙi. Ta gane. Da na ɗauko kantun Foga zan daka sai matan unguwa suka taru suna dariya, wai ga wadda ta kawo gishiri teku. Amma da suka lasa suka ji 'yar kanwa-kanwar nan tasa, kowace ta roƙi gutsure.

Kilishi ne ya ba ni kunya. Na fere tsokar fale-fale, na shafa ƙuli da yaji, na shanya kan kwanon ɗaki. A Gaya da la'asar ya bushe. Can iska jiƙaƙƙiya ce, ko zane ba ya bushewa da kyau. Washegari yana nan da taushinsa, har ya fara canza wari. Muka zubar da kashi ɗaya, sauran muka cece shi a hayaƙi. Abin da ya rage na ƙuli na soke tsire da shi a tsinken kwakwa, mazan unguwa suka yi ta leƙe ta kan danga. Ita kuma ta soya gunduwa-gunduwa cikin manja har suka yi ƙarfi, ta jera a tulu, ta zuba man ya rufe su ruf.

A rana ta uku na ce bari in gwada dambu, tunda tsokar kamar ta nama ce. Na tafasa shi kaɗan da albasa da citta da tafarnuwa, na tsame, na zuba a turmi. Afiwa ta zaro ido da ta ga ana dakan kifi, amma ta ɗauki ɗaya taɓaryar. Muka daka, muka soya a man gyaɗa da ƙaramar wuta, ana juyawa har ya warware ya yi wara-wara. Ta ɗiba ta sa a baki, ta sake ɗiba, ta lakata wa jaririn a leɓe. Muna cikin kwashewa Kande ta shigo. Ta zauna ba ta taɓa dambun ba, ta ce in zo gefe.

"Yaya, na ɓoye miki magana, ta hana ni sukuni. Ba aiki ne ya riƙe shi ba. Shi ya rako amalanken har bakin layin nan, ya hango ki kina alwala, ya juya. Jiya ma ya zo wurina. Ya ce da wane ido zai dube ki, bai zo jana'iza ba, ya yi ƙaryar biro, ga auren da bai gaya muku ba."

Na tambaye ta yana ina yanzu. Ta ce jirgin yau zai tashi, in ba su riga sun shiga ba.

Ban wanke hannu ba. Ban san hanya ba, amma ina fita na ji takun Afiwa a bayana, ta wuce gaba da ɗanta a goye, muka yi ta sauri cikin yashi. Can jiragen ba sa matsowa gaɓa. Akwai wata doguwar gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku, suna ce mata waf, daga ƙarshenta ake sauke mutane cikin ƙananan jirage su kai su. Mai gadi ya tare mu, Afiwa ta yi masa ruwan magana, ta nuna ni, ta nuna furfurata, ya kauce. Ƙarƙashin ƙafata ruwa yana bugun ƙarfe, ban duba ƙasa ba. Da muka kai ƙarshe ƙaramin jirgin ya riga ya saki igiya, mutum bakwai ko takwas a ciki. Na gane shi ta baya, da yadda yake sunkuyar da kafaɗa ɗaya kamar mahaifinsa. Afiwa ta ƙwala masa kira da sunan da suke kiransa a can, iska ta kwashe.

Ku kun sani, ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna bai taɓa fita daga bakina ba. Goggonsa ce ta goye shi, ko fura ban taɓa miƙa masa a gaban mutane ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na yi. Na tsaya riƙe da ƙarfen gadar, jirgin yana ƙara nisa, na duba hagu da dama babu wanda ya san ni, babu wanda zai kai labari Gaya. Sai na kira shi. Sunansa na yanka, da dukan muryata, sau biyu.

Ya juyo. Ya ɗan jima yana kallon sama inda muke. Sannan ya cire hularsa, ya durƙusa a cikin jirgin, tsakanin ƙafafun mutane, kamar yadda yake yi a ƙofar ɗakina da safe. Bai tashi ba har suka zama ɗigo a jikin babban jirgin. Iyakar ganin da na yi masa ke nan, ban ji muryarsa ba.

A hanyar komawa na zauna kan yashi. Afiwa ta tsaya a kaina, sannan ta kwance zanen goyonta, ta zagaya, ta aza mini yaron a baya, ta ɗaure da kanta. Yana da nauyi, yana warin hayaƙin kwakwa. Da shi na ƙarasa gida.

Na ƙara kwana ashirin ina jira. Aka ce jirgin ya yi yamma, wajen Abijan, ba a san ranar dawowa ba. Hadari ya fara haɗuwa, na san in ban dawo na yi shuka ba gonar za ta kwana. Muka raba kayan: ta ɗaura mini banda da dambu, wanda kuka ɗanɗana kuka yi ta musu ko nama ne, tulun manja kuma da mafi kyawun dambun muka liƙe bakinsu muka ajiye masa. A tashar jirgin ƙasa na sa Kande ta fassara mata saƙona zuwa ga ɗana, na ce ta maimaita sau biyu don kada ya zube a hanya: ban zo da faɗa ba, mahaifinsa ya yafe masa kafin ya cika, gona tana nan ba a raba ba, kuma in zai zo kada ya zo shi kaɗai. Afiwa ta saurara, ta riƙe hannuna ta taga har jirgin ya fara tafiya.

Dawowa ba ta da labari, hanya ɗaya ce, sai dai wannan karon na san yadda ake murɗe sakwara. Wata huɗu ke nan, wasiƙa ba ta zo ba, Sanda direba ma an maida shi hanyar Dosso. Wasunku sun ga ana shigo da ciyawa gidan nan makon jiya suna tambaya. Ɗakin ɗana na sa aka baibaye, don jinkar ta fara yoyo. Na ce kuma a faɗaɗa ƙofar a ɗaga ta kaɗan, saboda Afiwa doguwa ce.